Yaranmu Na Kumasi Suna Gaisuwa, Hajiya

Hajiya, tambayarki ta iso, kuma na ji abin da ke ƙarƙashinta. Kin ce wai yaran zango, wato unguwannin baƙi Musulmi a nan Gana, har yanzu suna durƙusawa su gai da manya, ko kuwa sun rikiɗe sai miƙa hannu a tsaye? Ba ke kika fara ba. Duk baƙon da ya sauka gidanmu daga Kano ko Zariya, kafin ya ajiye kofin ruwa ya fara auna yaranmu da ido, yana jira ya ga ko gwiwa za ta taɓa ƙasa.

Suna durƙusawa. Da asuba yaro ya wanke fuska ya bi ɗaki-ɗaki, ya gai da kaka, ya gai da uba, ya gai da uwa da abokiyar zamanta in akwai. A makarantar allo ba wanda ke tsayawa a kan malam. Wannan duk kin san shi, ba sai na ja ba. Inda aikinmu ya fi naku yawa shi ne daga bakin ƙofa zuwa waje.

Yaronki in ya fito daga gida a Kano, gaisuwar da ya yi wa babansa ita zai yi wa mai shago, ita zai yi wa limami. Mu kuwa gidan haya muke a unguwar Aboabo ta nan Kumasi. Ɗakin da ke kusa da namu Dagombawa ne, na gaba Mosawa, can ƙurya Zabarmawa, mai gidan kuma tsohuwa ce Ba'asantiya da ke zuwa karɓar kuɗin haya da kanta. Kafin yarinyata ta kai bakin titi ta yi gaisuwa iri uku. Dattijon Dagombawa sai ta tsuguna masa sosai, yana jero tambaya tana amsa “naa, naa” har ya gama. Matan Mosawa da Zabarmawa da Hausa ake gaisawa, don ita ce harshen zango. Tsohuwar mai gida kuma ba ta son a zube mata a ƙasa. Ɗan rusunawa take so, hannu biyu a baya ko na hagu ya tallafe na dama, a ce mata “maakye”, wato ina kwana da harshensu. In Ba'asante ya riga ka gaisuwa, amsar ma ta danganta da ko wane ne: “yaa agya” ga sa'an uba, “yaa ena” ga sa'ar uwa, “yaa nua” ga tsara. Yaro ɗan shekara shida sai ya dubi mutum ya kimanta shi kafin ya buɗe baki. Ki gaya mini wannan ƙarancin tarbiyya ne?

Akwai abin da sai an zauna an koya shi kamar karatu. Asantawa in ka tarar da su zaune a jere, ba ka fara musabaha daga wanda ka sani ko wanda ya fi girma. Daga hannun damanka za ka fara, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, yadda tafin hannunka zai riƙa fuskantar kowa, ba bayansa ba. Ka tsallake mutum ɗaya, ka yi laifin da za a daɗe ana maimaita shi. Ni da yamma nakan jera yaran gidan a kan benci, har da na maƙwabta, in fitar da ɗaya waje ya zama baƙo. Ya yi sallama, ya shigo, ya fara daga dama. In ya kuskure ya fara daga tsakiya, sai sauran su noƙe hannu su fashe da dariya, ya koma ya sake. Ƙaramin ɗana ya daɗe yana rikicewa, don shi da hagu yake komai, hagu kuwa a nan ba a miƙa abu da ita, ba a karɓa, ba a ma nuna hanya da ita. Sai da na ɗaura masa zare a wuyan hannun dama. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne fara abu da dama sunna ce tun a wajenmu, ban ji ina koya musu baƙon abu ba.

Tarbar baƙo kuma nan ne muke samun saɓani da ku. A al'adar masu ƙasar, baƙo ya zo a ba shi wurin zama, a ba shi ruwa, sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da an riga an sani. Rashin tambayar shi ne wulaƙanci. Mu kuma kin san yadda muke: ina gajiya, ina mutanen gida, yaya hanya, yaya aka baro su, a yi ta zagaye har baƙo ya ga dama ya faɗi da kansa. Wata gwaggonmu ta taɓa zuwa daga Katsina, babbar 'yata ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa, ta yi komai daidai, sai ta rufe da “Gwaggo, me ke tafe da ke?” Baiwar Allah nan ta wuni tana huci, wai an tambaye ta ranar komawa. Yarinya kuwa iyakar ladabin da ta sani ta yi, ƙofa kawai ta rikita. Tun daga ranar nake ƙara musu darasi: kafin ka gai da baƙo, ka saurari bakinsa ka ji daga ina ya fito.

Za ki ce me ya kai mu wannan wahalar, mu tsaya kan namu mana. Hajiya, mu jikokin fatake ne. Kakan mahaifina goro ya kawo shi Gwanja, ya zauna garin Salaga a arewacin Gana, da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya gangaro kudu, daga baya iyalinsa suka kafu a Kumasi. Bafatake bai taɓa shiga gari ya sauke jaki ba tare da ya je ya gai da masu gari ba. Har gobe sarakunan zango sukan je fadar Manhyia gai da Asantehene, sarkin Asantawa, wanda ke zaman bikin gargajiya na Akwasidae duk bayan kwana 42. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, mai masauki ne.

Kuma mun ga ranar gaisuwa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Zango ya girgiza. Mutanen da a nan aka haife su, ba su taɓa ganin Najeriya ba, aka loda su a manyan motoci. Kakata takan ba mu labarin yayarta da ta tafi a lokacin: makullin ɗakinta da keken ɗinkinta wata Ba'asantiya mai sayar da rogo ta bar wa, matar da ba abin da ya haɗa su sai gaisuwar safe ta shekara da shekaru. Da ƙura ta lafa ta dawo, ko allura ba ta ɓata ba. Kakata ba ta yafe wa yaron da ya wuce maƙwabci bai gaishe shi ba, ko wane addini yake yi, kuma dukan da ta fi yi mana ke nan. Ba zan tsaya kan 1983 ba, da ku ma kuka kori 'yan Gana. An yi an wuce.

Saura maganar da na san ita ce ainihin abin da ke cin ku, wato Hausar bakinsu. E, yaranmu sukan ce “Hajiya ya zo”. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa fita a bakin da yawansu. Ni kaina wannan da nake rubuta miki ta karatu ce da sauraron rediyo, ba haka nake magana a tsakar gida ba. Amma ku riƙa tuna yadda aka yi ta zama haka. Mosawa da Wangarawa da Kotokoli da Yarabawa da Fulani duk sun taru a zango, kowa da harshensa, Hausa ce ta haɗa su har 'ya'yansu suka tashi da ita. Harshen da ya ɗauki wannan kaya dole ya goge a wasu wurare. In an ce mana kowa ya bar gida gida ya bar shi, nakan ce to mu da muka bar gida, mun sa ƙabila goma suna cewa “ina kwana”.

Aure kuma, tunda na san za ki tambaya. Ƙanena Ba'asantiya ya aura. Ta musulunta, danginta ba su musulunta ba. A wajensu ɗa na dangin uwa ne, kawu ɗan'uwan uwa shi ne babba. A wajenmu ɗa na uba ne. Ke nan yaran nan kowane ɓangare na cewa nasa ne, kuma ni ban ga asara a ciki ba. Wahalar tana ranar Asabar, ranar da ake zaman makoki a Kumasi, mutane cikin baƙi da ja a jere ƙarƙashin rumfuna. Dole yaran su je in dangin uwarsu ne suka rasu. Mun koya musu su bi layi daga dama, su gai da kowa, su zauna inda aka nuna musu, su karɓi ruwa ko lemo, in an zo zuba giya a ƙasa don kakanni su ja baya ba tare da yamutsa fuska ba. Babbar cikinsu da ta fara girma ta daina ba maza hannu, sai ta dafa ƙirji ta rusuna. Kawunta ya ji zafi da farko, ya ce an raba shi da 'yarsa. Uwar ce ta zauna da shi ta yi masa bayani, yanzu shi da kansa yake riga ta dafa ƙirji. Masu cewa mun yi sako-sako da addini, su tuna babban limamin ƙasar nan, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya je cocin Katolika a Akra ranar Ista ya gai da su. Ba wanda ya isa ya ce bai san addini ba.

Yaro mai jin kunyar mutane kuwa ba na tilasta shi a gaban baƙo, don in ka matsa masa bakin ne ke ƙara rufewa. Aike nake ba shi. Ranar Sallah in zuba abinci in ce kai wa mai gida, ka ce ina gaishe ta, ka tsaya ka ji abin da za ta ce ka kawo mini. Kwano a hannu yana rage tsoro, ga kuma maganar da zai faɗa an riga an sa masa a baki. In ya dawo sai in tambaye shi wa ya tarar, ya gaishe su, me suka amsa. Haka aka yi mana. Abu ɗaya na ƙara wanda kakata ba ta damu da shi ba, don garin ya cika yanzu: ka gai da kowa, amma kada ka bi kowa, ko ya kira sunan babanka.

Ba na cewa komai lafiya. Samarin yanzu sun gutsure gaisuwa, abin sauraro a kunne, sai ɗaga hannu da “yaya dai”, kuma na ji ana kukan haka a wajenku ma. Amma ƙorafina na gaske a kanku yake. Duk ranar da muka kira gida ta bidiyo, in na miƙa wa yaro waya ya gai da dangi, kafin ya rufe baki an kwashe da dariya, ana kiran na ɗaki, “zo ka ji Hausar Gana, sake faɗa mu ji.” Ɗana na tsakiya yanzu da ya ji ana kiran Kano sai ya sulale waje. Yaron da ke gai da Badagombe da Ba'asante ba gargada, danginsa na jini ne yake gudu. Don Allah ki gaya wa su Yaya, in ya ce musu ina wuni, su amsa masa lafiya lau, su tambaye shi makaranta. Gyaran harshen a bar shi sai ya zo hutu.