Amsa ga 'yar'uwar da ta kasa rera waƙar Ista

Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kin ce tun rasuwar maigidanki da an ɗaga waƙar tashin Yesu a coci sai kuka ya shaƙe ki, har kina tsoron ko bangaskiyarki ce ta mutu. Ba ta mutu ba ko kaɗan, ni ma ta nan na biyo.

Nawa maigidan a gudun Mubi na rasa shi, Oktoba 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga gari har hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi ba su bari ba. Ya ce in bi daji da yara shi zai koma ya ɗauko babarsa, shi ke nan har yau, ba gawa ba kabari. Amma kin san abin da ya fi ci min rai? A Yola muna zaman gudun hijira, ranar Ista kowa na tafi ana buga tulu ana guɗa, ni kuwa na kife kai a benci ina kuka, sai wata uwa a zumuntar mata ta dafa ni ta ce wai Kirista ba ya kuka kamar marasa bege, ina ɓata shaidata. A gaban mutane fa! Ita mijinta na zaune can ɓangaren maza da babbar rigarsa, ni ko zanin da ke jikina ma na taimako ne. Na yafe mata amma har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi, da ta yi shiru kawai ta riƙe hannuna ai da ya wadatar.

Ayar da ta jefe ni da ita, 1 Tasalonikawa 4:13, ki karanta da kanki, Bulus bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Yesu ma ya san sarai zai ta da Li'azaru daga matattu, duk da haka ya yi hawaye. Kuma 1 Korintiyawa 15:26 maƙiyi ta kira mutuwa, na ƙarshe da za a hallaka, to wa ke yi wa maƙiyi dariya? Ni abin da ya riƙe ni Wahayi 20:13 ne, inda teku ya ba da matattun da ke cikinsa. Na ce in har teku zai mayar, dajin Adamawa bai isa ya riƙe min miji ba. Daga nan na fara iya buɗe baki da waƙa, hawaye na zuba ina rerawa, kuma murnar ta gaske ce.

Ki je sujada ko a bencin baya ne, in waƙar ta ƙi fita ki bar ikilisiya ta rera miki. Kar ki ɓoye wa yara hawayenki, su ma suna haɗiye nasu ne don kar su tayar miki da hankali. Don Allah ki riƙa auna jininki, hawan jini ya kama gwauraye da yawa a cikinmu. Af, takardun gida da na gona ki adana su wurin wanda kika yarda da shi tun dangin miji ba su fara zuwa ba, wannan kuma wani dogon labari ne, in kina so ki yi min magana ta inbos.