Tambaya da Amsa: Wane tanderu zan gina a Minecraft, kuma sai na sayi kwamfuta?

Saƙonnin wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, wato yadda ake haɗa maƙerar da ke narka ƙarfe da kanta a wasan Minecraft. Ban yi mamaki ba. Kano, garin da tarihin baka ya ce maƙeri ne daga Gaya ya fara sauka gindin Dala neman tama, ai dole jikokinsa su so wuta da ƙarfe ko da a cikin waya ne.

Wani ɗalibi daga Ɗorayi ya rubuto: "Ina da ƙarfe 64 da na tara da ƙyar. In yi tanderu na gama-gari da yawa, ko in yi mai saurin nan da ake kira bilas fanes?"

Ƙanena, kafin ka taɓa ƙarfen nan zauna ka yi lissafi. Tanderu na gama-gari dutse 8 ne kawai, yana kuma gama abu ɗaya cikin daƙiƙa 10. Inda ƙarfenka zai tafi shi ne mazurari, wanda 'yan wasa ke kira hofa, don kowane ɗaya yana cin ƙarfe 5 da akwati guda. Tanderun da zai yi aiki ba sa hannunka yana buƙatar mazurari uku: na sama ya zuba kayan narkawa, na gefe ya zuba makamashi, na ƙasa ya janye abin da ya nuna zuwa akwati. Ƙarfe 15 ke nan. Kada ka sauya musu wuri, domin gawayin da ya shigo ta sama ba zai kama wuta ba.

Bilas fanes kuwa ƙarin ƙarfe 5 ne da dutse mai santsi 3 a kan tanderun da kake da shi, kuma yana gama abu cikin daƙiƙa 5. Da ƙarfe 20 ka samu saurin da tanderu biyu za su ba ka a kan 30. Tama 64 da za ta ɗauki minti 10 da daƙiƙa 40 sai ta fito a minti 5 da daƙiƙa 20. Amma shi maƙeri ne zalla: ba ya karɓar yashi, ba ya karɓar dutse ko yumɓu, balle nama. Nama da dankali sai simoka, wadda ni tukuba nake ce mata, ita ma daƙiƙa 5 ce, itace 4 kawai ake ƙara wa tanderu a same ta. Kada saurin ya sa ka zaci kana tsimin gawayi. Wutarsu ma da sauri take ci, adadin abin da gawayi ɗaya zai gasa bai canja ba.

Da ni ne kai, bilas ɗaya, na gama-gari ɗaya, tukuba ɗaya. Ƙarfe 50 ya tafi, saura 14 ka ƙera bokiti da diga.

Wani magidanci daga Fagge, wanda ya ce bayan isha'i yake ɗan taɓawa, ya tambaya: "Kwal na ƙare mini kullum. Wane makamashi ya fi?"

Malam, a nan ne yawancin mutane ke yin asara ba su sani ba. Kwal ɗaya yana gasa abu 8, gawayi ma haka. In ka dunƙule kwal 9 wuri guda, dunƙulen yana gasa 80 maimakon 72, sai dai in ya kama ba ya mutuwa sai ya cinye, ko akwai kaya a ciki ko babu. Kunna shi don tama 10 tamkar hura murhun biki ne don dafa shayi kofi ɗaya. Bokitin laba, wato narkakken dutse, yana gasa 100, shi ne sarki in kayanka na zuwa babu yankewa. Tun sabuntawar 2021 ma ana iya noma shi: ka sa laba a kan dutse, ka rataya tsinin dutse mai ɗiga a ƙarƙashi, ka ajiye tukunya tana tara. Ka dai sani bokitin da ya zama fanko zai bi mazurarin ƙasa ya faɗa akwatin ƙarfenka.

Abin da na fi so shi ne ciyawar teku, kelf. Dunƙulenta busasshe yana gasa 20. Gaskiyar ribar 11 ce, tun da sai ka busar da guda 9 kafin ka haɗa dunƙule ɗaya, amma tana tsirowa da kanta, ba ka ƙara shiga rami neman kwal. Gora kuwa sai guda 4 kafin abu ɗaya ya nuna, don haka layin mazurari ɗaya da ke ɗauke da gora tanderu 6 kawai zai iya riƙewa.

Wannan ya kawo ni ga adadin da nake so kowa ya riƙe: mazurari yana wuce da abu 5 a cikin daƙiƙa 2, ba ya ƙarawa. Layi ɗaya tanderu 25 yake iya ciyarwa da kayan narkawa, in bilas ne 12. Ɗan yayata ya taɓa jera bilas 16 a wayarsa, ya kira ni yana murna. Muka zuba tama muka zura ido: na farko-farkon sun cika maƙil suna ci, na ƙarshen ko hayaƙi babu. Sai da muka shimfiɗa dogo a saman mazuraran, muka ɗora kura mai mazurari tana kai-komo kamar ta mai ruwa a lungu, kafin kowane tanderu ya samu rabonsa.

Wata uwa daga Hotoro ta ce: "Ɗana ya dame ni in saya masa kwamfuta, wai injin narka ƙarfen da ya gani a YouTube ya ƙi aiki a wayarsa."

Hajiya, yaronki bai yi ƙarya ba, amma ba kwamfuta ce maganin ba. Wasan iri biyu ne. Java na kwamfuta ne, shi ne asalin wanda Markus Persson ɗan Suwidin ya fitar a 2009, kafin Microsoft ta sayi kamfanin Mojang a 2014. Na waya Bedrock ne. Tanderu da mazurari aikinsu ɗaya a duka biyun, bambancin yana wajen redston, wato wayarin lantarkin wasan, kuma manyan injinan bidiyo da dama a Java aka gina su. Ki ce ya ƙara kalmar Bedrock in zai nemi bidiyo.

Akwai kuma abin da yara ke ɗauka lalacewa ce alhali ba ita ba ce: tanderu ba ya aiki in ɗan wasa ya yi nisa da shi, domin wasan yankin da ke kusa da mutum kawai yake motsawa. Ya gina maƙerarsa kusa da inda yake haƙa ko noma. In wayar na zafi tana sarƙewa, ya rage yawan mazurarai, tanderu 4 zuwa 8 sun ishi mai wasa shi kaɗai.

In har za ki kashe kuɗi, ki saya masa wasan na asali a Play Store, domin wanda ake tura wa yara daga waya zuwa waya ba ya samun sabuntawa yadda ya kamata, wani ma da cuta yake zuwa. In wayar ce ta tsufa, ki tafi kasuwar waya ta Farm Centre da wanda ya san kan waya, ku duba girman RAM da ƙarfin batir kafin kyan kyamara. A ganina kada RAM ɗin ya gaza giga 4.