Waƙar "Forever Young" ta Jay-Z ce?

Malam, ka tambaya ko "Forever Young" ɗin nan da ke yawo a TikTok ta Jay-Z ce, a'a wallahi, shi aro kawai ya yi daga cikinta ya sa a waƙarsa "Young Forever" a 2009. Asalinta ta wasu Jamusawa ce 'yan garin Münster, ƙungiyar mawaƙa mai suna Alphaville, kuma sunan kundinsu na farko ke nan da ya fito a 1984. Su uku ne lokacin, Marian Gold ke rerawa, Bernhard Lloyd da Frank Mertens na kan kibod, kusan duk kiɗan da na'ura suka haɗa shi, shi ya sa za ka ji sautin yana shimfiɗe kamar iska.

Kundin ya karɓu sosai a Turai, waƙar "Big in Japan" da ke cikinsa ta hau lamba ɗaya a Jamus ta Yamma ta kuma shiga goman farko a Ingila, amma a Amurka kundin bai taka rawar kirki ba a lokacin. Ni abin da ke taɓa ni, mutane na sa ta a biki suna murna alhali zamanin yaƙin cacar baka aka rubuta ta, matasa na kwana da fargabar bam ɗin nukiliya. Sa abin kunne ka saurari baitin farko da kyau, maganar bam ɗin na nan ƙarara.