Sukari, mazarƙwaila da zumar bakin titi: amsoshin tambayoyinku

Wani magidanci daga Unguwar Rimi ya ce sukarin awo ya fi arha, na leda ya ɗara shi tsada, na kwali mai ƙwaya-ƙwaya ya fi su duka. Wanne ya fi lafiya?

Malam, babu. Duka ukun farin sukari ne iri ɗaya, akasarinsa ma ɗanye ake shigo da shi daga Burazil, a tace a Legas, tirela ta kawo mana. Na kwali gari ne aka ɗan jiƙa aka matse, kuɗin matsa da na kwali kake biya. Amfaninsa ɗaya, yana ƙirguwa: ƙwaya guda kimanin giram 5 ce. Doka ta wajabta a zuba bitamin A a sukarin da ake sayarwa a Najeriya, shi ne alamar idon nan da ke jikin leda ko buhu, amma wanda ya wuni a buɗe cikin rana bitamin ɗinsa raguwa yake yi. In na awo za ka saya, ka damƙa ka saki. Ya dunƙule a hannunka? Ya sha danshi, bar musu kayansu. Ka kuma leƙa gindin mudun, wani ya sha bugu.

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada ta rubuto hankali a tashe. An gano ciwon suga a jikin mahaifiyarta, sun kawar da farin sukari, suka koma sa mata zuma da mazarƙwaila a kunu da shayi, amma awon jininta ya ƙi sauka.

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri. Kwantar da hankalinki, abin mai gyaruwa ne. Sai dai sukarin bai bar gidan ba, riga ya sauya. Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka matse, aka dafa a babban kasko har ya yi kauri, aka zuba a ƙananan kwanoni ya daskare, kamar yadda ake yi a ƙasar Maƙarfi. Ƙamshinta ya fi, kuɗinta kuma aljihun manomanmu yake shiga, don haka mai lafiya ya saya. Amma mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne, ɗan sinadarin ƙarfen da ya rage bai kai a dogara da shi ba. Ita kuwa zuma, babu mai musun falalarta, sai dai kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, sauran yawanci ruwa. Babban cokali ɗaya na ɗauke da kimanin giram 17, ya ɗara ƙwaya uku ta sukarin kwali.

Wannan fa in zumar gaske ce kika samu, kuma nan ne raina yake ɓaci. Je ki tashar mota ko bakin masallacin Juma'a, ga bokiti, ga jarka, ga mai rantsuwa cewa jiya aka sauke ta daga amya. Da yawa daga ciki sukari ne aka dafa da ruwa har ya yi ja, wani a jefa mazarƙwaila don launi, a ɗan zuba zumar gaske don ƙamshi, sannan a yafa gutsuren saƙa da matattun ƙudan zuma biyu-uku a sama. Mataccen ƙuda shaida ce? Ko'ina ana tsintarsa. Mai ciwon suga ya biya ninkin ba ninkin kuɗin sukari, ya koma gida da sukarin da likita ya hana shi, yana kamfata da babban cokali saboda ya ɗauka magani ne.

Kada kowa ya sake aiko mini da dabarun gwaji. A tsoma ashana a ƙyasta, a ɗiga a kofin ruwa a ga ta nutse, a ɗiga a yashi ta dunƙule: duk waɗannan kauri da yawan ruwa kawai suke nunawa, kuma dafaffen sukari mai kauri yana haye su lafiya lau. Masu haɗin sun fi ki sanin gwajin, su ne ma za su miƙo miki ashanar. Zancen cewa tururuwa ba ta bin zumar gaske kuwa, tururuwa ba ta san da shi ba. Abin takaici, ana zubar da ta gaske don ta daskare ta yi tsaki-tsaki da hunturu, alhali ɗabi'ar zuma ce, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ta narke. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke tantancewa da tabbas. Mai saye ya nemi mai amya da ya sani, ko saƙa rufaffiya da kaki a matse a gabansa, ko kwalba mai lambar NAFDAC da adireshin mai haɗawa. Lita ɗaya ta zuma kan kai kilo 1.4. In farashinta ya kusanci na sukari mai wannan nauyin, kin san amsa. Tsada kuma ba ta wanke ta. Sannan ko ta gaske ce, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan saki guba a hanjinsa.

Mu koma kan Mama. A janye zumar da mazarƙwailar. Tuwo, shinkafa, burodi da shi kansa kunun sukari suke komawa a jiki, don haka a rage malmala, a yawaita miyar ganye, wake da kifi. Kada ta bar maganinta. Ki riƙa auna ta da safe kafin ta ci komai, ki rubuta, ki kai wa likita. Duba ranar lalacewar tsinken da ake sakawa a na'urar awon suga, a kuma rufe gwangwaninsa bayan an zaro. Duk da haka ki ajiye mata ƙwaya uku ta sukari a jaka. In ta fara karkarwa da gumi da jiri, musamman in tana allurar insulin, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ta sha su, a sake awo bayan minti 15. In ta suma kada a ɗura mata komai, asibiti kai tsaye.

Wani matashi daga Kawo yana shan lemon roba uku a rana, da dare ya kora da maganin gargajiya mai ɗaci don ya "wanke zaƙin". Wane mai ɗacin ya fi aiki?

Samari, wannan ma tambaya ce? Robar santilita 50 ta yawancin lemon nan na ɗauke da kimanin giram 50 na sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wato wajen giram 50 ga baligi a yini, rabin haka ya fi. Kai kana zuba ƙwaya talatin a cikinka. Kafin dare ya yi sukarin ya daɗe da shiga jini, ɗaci a harshe ba ya kamo shi. Jiƙon da ba a san awonsa ba kuwa ƙoda da hanta yake ƙara wa aiki. Harajin naira 10 kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa bai hana ka ba, to haƙoranka za su yi maka magana. Lemon malt ma bai tsira daga yawan sukari ba. Ka sha ruwa.

Wata mai zoɓo daga Rigasa ta ce tsadar sukari na cinye ribarta. Ta koma sakarin, wato sinadarin zaƙin nan da ake sawa a madadin sukari?

Hajiya, na fahimci matsin. Sakarin ya fi sukari zaƙi kusan sau 300, an kuma yarda da shi a abinci in bai wuce ƙima ba. Matsalar ita ce wanda ake ƙullawa a leda ba suna ba awo, a tsakura da yatsa. Ya ɗan zarce sai zoɓon ya bar ɗaci a maƙoshi, masu saye su gudu. Gara ki rage sukarin kaɗan-kaɗan duk mako, ki ƙara citta, kanumfari da wankakken ɓawon abarba, ko ki koma ƙaramar roba. In dole sai kin sa, ki sayi mai lambar NAFDAC, ki bi awon da ke jikinsa. Kuma in gauraya kika yi da sukari, kada ki ce wa mai ciwon suga babu sukari a ciki.