Koyar da Ɗalibai Masu Lalurar Gani a Ƙasar Waje: Lasisi Kafin Biza

Tambaya: Ina da digiri a fannin ilimi na musamman, kuma na daɗe ina koyarwa a makarantar makafi. Ina jin ana cewa Ingila da Amurka da Ostareliya suna neman irinmu. Ta ina zan fara, kuma shin takarduna za su karɓu a can?

Amsa: Malama, gaskiya ne ƙwararrun wannan fanni ba su wadata ba a ƙasashen da kika ambata, amma ƙarancin malamai bai sa an sassauta sharuɗɗa ba. Masu niyyar tafiya sukan fara da neman biza, alhali abin da ya fi tsayar da mutane shi ne izinin koyarwa, domin babu makarantar da za ta ɗauki nauyin wanda ba ta da tabbacin doka za ta bar shi ya shiga aji.

A Ostareliya malamin masu lalurar gani yana da gurbinsa na kansa a jerin sana'o'in ƙasar, kuma hukumar AITSL ce take tantance takardun malaman da suka yi karatu a waje. Tana neman karatun jami'a na shekara huɗu, da shaidar kwana 45 na gwajin koyarwa a ƙarƙashin kulawa, da jarrabawar Turanci ta IELTS mai tsauri: maki 7 a karatu da rubutu, maki 8 a magana da sauraro. Wannan maki 8 ɗin ba abin wasa ba ne ko ga wanda ya yi karatunsa duka da Turanci. Bayan tantancewar kuma sai kin yi rajista da hukumar malamai ta jihar da za ki zauna.

A Ingila matakin biyu ne. Da farko sai kin samu matsayin cikakkiyar malama da ake kira QTS, sannan ki yi kwas na dole na koyar da masu lalurar gani, irin wanda Jami'ar Birmingham take bayarwa cikin shekara biyu ga malaman da suke kan aiki. A Amurka kowace jiha tana da lasisinta, kuma bizar J-1 da ake yawan tallatawa ta musayar malamai ce ta shekara uku, ba ta zaman dindindin ba.

Abin da na fi so ki sa a ranki shi ne aikin da za ki tarar ya bambanta da wanda kika saba. Mafi yawan yaran suna makarantun gama-gari tare da 'yan'uwansu masu gani, malamar kuma ita ce take zagayawa da mota daga wannan makaranta zuwa waccan, saboda haka lasisin tuƙi yakan zama cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki. Kaɗan ne daga cikin yaran suke karatu da Braille, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsu, akasarinsu suna da sauran gani. Za ki iske kanki kina sauya wa yarinya wurin zama saboda hasken taga yana kashe mata ido, kina auna girman baƙin da take iya karantawa ba tare da ta gaji ba, kina koya wa wani amfani da manhajar da take karanto abin da ke fuskar kwamfuta, kamar JAWS ko NVDA, sannan kina rubuta rahoton da za a tattauna da iyaye da likitoci.

Akwai kuma yaran da idanunsu lafiya lau suke, matsalar tana ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke fassara abin da ido ya gani, kuma wannan yana cikin manyan dalilan lalurar gani ga yara a ƙasashe masu arziki. Irin wannan yaro zai iya gane jan kofi idan an ɗora shi a kan baƙin ƙyalle, amma ya kasa ganinsa a kan tebur mai tarkace. Wanda ya shiga ganawar neman aiki bai san wannan ba, da wuya ya burge masu tambaya.

Game da Braille, ki ƙware a tsarin bai-ɗaya na Turanci da ake kira UEB, wanda Ostareliya ta karɓa a 2005, Amurka kuma ta fara aiki da shi a 2016, ko da yake jihohinta da dama suna ci gaba da amfani da tsarin Nemeth wajen lissafi da kimiyya. Ki nemi takardar shaidar ƙwarewa a kansa, domin iyawa ba tare da shaida ba ba ta shiga fayil.

Ki yi hattara da dillalan da suke karɓar kuɗi da alkawarin aiki. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen ma'aikatun da ta ba izinin ɗaukar nauyin baƙi, kuma kowa yana iya dubawa kyauta. Tun yanzu ki nemi jami'arki ta ba ki cikakken sakamakon karatunki, da wasiƙar da ta fayyace adadin kwanakin gwajin koyarwarki da shekarun ɗaliban da kika koyar, domin karɓar irin waɗannan takardu bayan mutum ya bar ƙasa yana da matuƙar wahala.