Kafin ka ɗaure bijimi a turke, tanadi abincinsa

Tambaya: Malam, ina sana'ar hatsi a wani ƙauye kusa da Gumel. Na tara ɗan jari, ina so in turke bijimai don Babbar Sallah. An ce in nemi 'yan ruwa-biyu masu jinin shanun Turai, wai sun fi saurin ƙiba. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a jarin. Ka ajiye maganar ruwa-biyu tukuna. Zafin Afrilu a ƙasar Gumel da kaska suna wahalar da su, kuma yawancin waɗanda ake kawowa don madara aka haɗa jininsu. Bokolo da Bunaji su ne namu, kuma a kansu cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana gwajin turka. Idan suka samu abinci mai kyau da ruwa, cikin wata 3 zuwa 4 jikinsu ke cika. Bayan nan abin da sa yake ci yakan fi naman da yake ƙarawa tsada, don haka ka lissafa ranar saye daga ranar Sallah zuwa baya.

Inda nake jin tsoro gare ka shi ne ka zuba kuɗin duka a Kara, wato kasuwar shanu. Mutum ya shiga Maigatari ranar Alhamis, ya ga bijimai, ya kwaso huɗu, wata ɗaya ya koma sayen dusa kwano-kwano da tsada. Gara ka ɗauki biyu ka ciyar da su har su ƙoshi. Kai mai hatsi ne, dusa na hannunka. Harawar wake da ta gyada kuwa da kaka ake saye, a jibge a kan rumfa inda rana da gara ba za su ci ta ba. Ka haɗa da kowa (ɓawon wake) da angurya ko ƙuliƙuli, ga gishiri da kanwa kaɗan. Kada ka cika masa dusa ranar farko, cikinsa zai kumbura. Ƙara masa za ka riƙa yi sannu a hankali.

Wajen saye, nemi ramamme mai ƙashi da faɗin ƙirji, wanda yunwa ce ta rame shi. Buɗe bakinsa ka duba haƙora, ka ga hancinsa da danshi, ka saurara ko yana tari. Mai tari, ko an karya maka kuɗi, bar shi, don ciwon huhu yana bin garke.

Da ka kai gida, ware su mako 2, ka kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsa da na hanta, musamman idan daga fadamun Haɗeja suka fito. Rigakafin ciwon huhu da na harbin daji cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, a Jihar Filato, ce ke yin su, ka tambaye shi a kai. Kuɗin wannan ka cire shi tun kafin ka yi ciniki da dillali.

Kuma ka sami littafi ka riƙa rubuta kowane buhun dusa da ka ɗebo daga shagonka da farashinsa na ranar, don shi ma kuɗi ne.