Na ci zangon farko, amma wani ya tafi da kofi

Tambaya: Malam, bana na fara tseren babur na cikin ƙasa da taɓo, wanda ake kira motokuros, a ajin sababbin hannu na kulob ɗinmu. A tseren da ya wuce na zo na ɗaya a zangon farko, na uku a na biyu. Sai alƙali ya mayar da ni na huɗu, wai na wuce mutum ana kaɗa tuta mai ruwan ɗorawa. Wanda ya zo na biyu sau biyu aka ba wa kofi, alhali bai ci ko zango ɗaya ba. Wannan ba cuta ba ce?

Amsa: Ƙanena, ka yi haƙuri, babu wanda ya cuce ka. Ɗauko biro mu yi lissafin tare.

Yawancin kulob-kulob na masu yi don sha'awa suna raba tseren rana gida biyu, sai a tara matsayin da mutum ya zo a kowanne, mai ƙaramin adadi shi ne gwani. Kai 1 da 4, ka tashi da 5. Shi 2 da 2, ya tashi da 4. Magana ta ƙare. Na san za ka ce ai da ba a rage maka matsayi ba, 1 da 3 ma 4 ne. Haka ne, sai dai idan an yi kunnen doki zango na biyu ake dubawa, kuma a nan ma yana gabanka. Ko ta ina ka ɓullo, kofin nasa ne.

Inda za ka iya cin riba shi ne da a ce kulob ɗinku na bin tsarin maki irin na gasar duniya ta FIM, hukumar tseren babura ta duniya, inda na ɗaya ke samun 25, na biyu 22, na uku 20, na huɗu 18. A can 1 da 3 maki 45 ne, 2 da 2 kuwa 44. Ka ga da ka ci da maki ɗaya tak. Amma da hukuncin da aka yi maka ka koma 43. Shi ya sa nake yawan cewa mutum ya karanta takardar dokokin kulob kafin ya tada inji, don ba ko'ina lissafin yake ɗaya ba.

To, mu zo kan tutar, don ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Na daɗe ina tsayawa da tuta a bakin hanyar tsere, kuma wurin da na fi tsoro shi ne bayan tudun tsalle. Mahayi yana tahowa ba ya ganin abin da ke gangaren, ni kaɗai ke gani. Wata rana wani yaro ya faɗi daidai inda babura ke dira, babur ya danne masa ƙafa, yana ta ƙoƙarin zare ta, ga totur na ta kuka. Na kaɗa tuta har kafaɗata ta riƙe. Mutum huɗu suka sassauta suka gangara a hankali, tayoyinsu ba su bar ƙasa ba. Na biyar ya ga dama ta samu, ya murɗa totur ya tashi sama. Tayarsa ta baya ta dira ko taku ɗaya babu tsakaninta da hular kwanon yaron. Har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Dokar ke nan: an kaɗa ruwan ɗorawa, ka rage gudu, ba wuce wani, ba tsalle, sai ka bar wurin haɗarin a baya. Matsayi ɗaya da aka rage maka sassauci ne. Akwai inda za a soke maka zangon gaba ɗaya, kuma ni da na fi son haka.

Sauran tutocin ba su da wuyar riƙewa. Ja, an tsayar da tsere. Shuɗiya, na gaba-gaba sun zagayo za su wuce ka, ka riƙe layinka kada ka tare su. Baƙa tare da lambarka, fita ake nema ka yi. Mai zanen dara baƙi da fari, an gama. Idan kana ganin an yi maka ba daidai ba, ana rubuta ƙorafi a miƙa wa alƙalin tsere cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade bayan an liƙa sakamako. Hayaniya da mai tuta ba ta canza komai.

Tambaya: Na gwada enduro, tseren babur na dogon zango a daji, karon farko. Na isa wurin duba lokaci minti biyu kafin lokacina, na miƙa katina ina murna, sai aka ci ni tara. Yaya mai sauri zai zama mai laifi?

Amsa: Na yi dariya, don ni ma ta taɓa ci da ni. Ɗan'uwa, enduro ba rige-rige ba ne daga farko har ƙarshe. Asalinsa gwajin juriyar babur da mahayi ne, kuma babbar gasarsa ta kwana shida tun 1913 aka fara ta a Ingila. Ana sallamar mahaya kaɗan-kaɗan kowane minti, kowa da lokacin da ya kamata ya bayyana a kowace tasha. Latti tara, wuri ma tara, a wasu wuraren ma ta wurin ta fi tsanani. Gudun tsiya ana yin sa ne a keɓantattun sassa da ake auna lokaci da agogo, a nan ake fitar da gwani. In ka iso da wuri, tsaya kafin alamar shiga, sha ruwa, goge tabarau, duba sarƙa, idonka a kan agogon tashar. Mintinka na bugawa sai ka tura babur ka miƙa kati.